Sassaucin haraji kan motoci masu haɗa fetur da batir: wa zai amfana a Jihar Kebbi?

Bagwandu_77:
Assalamu alaikum, jama'ar zauren nan. Akwai maganar da ta daɗe tana kai-komo a raina, na ga ya fi kyau in baje ta a faifai domin masu ilimin abin su haska mana. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, duk mai mota a Birnin Kebbi ya koma lissafin lita kamar yadda uwargida ke lissafin mudu. A watan Oktoba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki da kayan iskar gas ta CNG, yanzu kuma akwai masu ganin ya kamata a fito fili a saka motocin haibirid (masu haɗaka) a cikin irin wannan sassauci, wato masu injin fetur da kuma batir mai jan mota, a kuma rage musu kuɗin fito na kwastan. Ni ma'aikacin gwamnati ne, tsohuwar Corolla nake hawa, kuma da zarar wata ya raba tsakiya sai in rufe ta da tamfol in koma hawan kabu-kabu. Tambayata ita ce, in har aka yi wannan sassauci, shin mutum irina zai amfana, ko kuwa kuɗin jama'a ne za a sake yafe wa masu hali? A nawa ɗan tunanin ina goyon baya, amma ina so in ji ta bakinku.

Injiniya_Aliero:
Wa alaikumus salam, Malam Bagwandu. Kafin a shiga batun haraji, ya kamata mu daidaita fahimta a kan motar kanta, domin da yawa suna ɗauka duk motar da ke da babban batir sai an jona ta da wuta. Iri biyu ne. Akwai wadda ba a jona ta ko kaɗan, irin Toyota Prius da aka fara sayarwa a Jafan a 1997, da Camry mai haɗaka da ta biyo baya. Ita wannan injin fetur ɗinta ne ke cika batirin, sannan duk lokacin da direba ya taka birki, ƙarfin da a motar gargajiya zai tashi a banza ya zama zafi, a nan komawa yake cikin batir. Idan aka tsaya a danja ko a cunkoso, injin kan mutu da kansa, batir ya ci gaba da riƙe motar. Nau'i na biyu shi ne wanda ake iya jonawa da wutar gida, ya yi tafiyar kilomita masu ɗan dama da batir zalla kafin injin ya karɓa. Ga mu da ke fama da ɗaukewar wuta, nau'in farko ne ya dace da mu, domin babu ruwansa da taransifoma. A gwajin hukumomin Amurka, Prius ƙirar 2010 tana yin kusan kilomita 21 da lita ɗaya, Corolla tsararta kuwa tsakanin 12 da 13. Saboda haka ina tare da kai, amma da sharuɗɗan da zan kawo idan magana ta zo wurin.

Ɗankiliyarin_Kamba:
Allah ya saka wa Injiniya da alheri. Ni sana'ata fito da kaya ce, don haka bari in yi magana a kan abin da na sani. Mai shigo da mota ba haraji ɗaya yake biya ba. A tsarin da kwastan suka fito da shi a 2022, motar da aka yi amfani da ita tana biyan kuɗin fito kashi 20 cikin ɗari, da wani haraji na musamman kashi 15, sannan a ɗora VAT na kashi 7.5, ban da kuɗin tashar jirgin ruwa da na kamfanin da ya ɗauko ta. Kuma tun daga wannan shekarar da lambar jikin mota ake yi mata ƙima a kwamfuta, ba da rasiɗin da ka kawo ba. Abin da mutane ke mantawa shi ne, da dala ake ƙiyasta darajar motar sannan a juya ta zuwa naira, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, canjin kuɗi ne ya fi kowane haraji tayar da farashin mota. Idan aka cire VAT kaɗai, abin da zai ragu bai kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma babu tabbacin dillali zai sauke wa mai saye ko da rabinsa. Idan ana son a ga canji na gaske, to kuɗin fito da harajin musamman ɗin nan za a taɓa.

Abu na biyu, tun 1 ga Janairu, 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa. Duk da an sake buɗe iyakarmu ta Kamba a 2022, ga Tsamiya kuma a gefen Jamhuriyar Benin, dole motar mutumin Kebbi ta sauka a tashar ruwa, galibi Legas, sannan a yi doguwar tafiya da ita zuwa nan. Kuɗin wannan tafiya ma a wuyan mai saye yake.

MalamaZuru:
Ina yi wa kowa fatan alheri. Ni malamar makaranta ce, kuma ina ganin an fara gini daga sama. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan naira 75,000 ne, motar da ake magana a kanta kuwa miliyoyi ce ko da an yafe mata haraji gaba ɗaya. Wanda zai iya sayen motar miliyan goma sha wani abu ba shi ne ke kwana da tunanin kuɗin mota zuwa wurin aiki ba. Ban ƙi a yi sassauci ba, amma ina so a faɗa mini ta ina zai iso ga wadda ke biyan kuɗin kabu-kabu sau huɗu a rana.

Bakanike_Jega:
Ranku ya daɗe, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma na shekara sama da ashirin a gareji, kuma motocin nan sun fara zuwa hannunmu. Zan ba ku labarin guda ɗaya. Wani bawan Allah ya kawo mini Prius a cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, jar alamar nan mai kusurwa uku ta kunnu a gabansa, motar kuma ta rasa ƙarfi. An riga an gaya masa a wani wuri cewa batirin ya mutu, ya nemi kuɗin sabo. Da muka ɗaga kujerar baya muka kwance fankar da ke sanyaya batirin, sai muka tarar ƙurar hunturu da zare da gashi sun dunƙule a cikinta kamar an cusa dusa. Ita wannan fankar iskar cikin mota take zuƙa ta wata 'yar kafa da ke gefen kujerar baya, shi kuma mai motar a daidai wurin yake jingine dardumarsa kullum. Muka wanke fanka, muka goge bakin wayoyi, muka duba da na'ura, mota ta tashi lafiya, kuma har yau yana hawa.

Abin da nake so in nuna shi ne, ba motar ce matsala ba, ƙarancin masu hannu a kanta ne. Batirin ya haura bolt 200, wayoyinsa masu ruwan lemo ne, kuma yaron gareji da ya saba taɓa batir mai bolt 12 da hannu tsirara, idan ya yi wa wannan haka, sai dai a yi wa iyayensa ta'aziyya. Ko mai gyaran na'urar sanyaya mota idan ya zuba mata man kwamfuresa na gama-gari zai jawo ɓarna, domin kwamfuresarta da lantarki take aiki, man ta na musamman ne. Idan gwamnati za ta yafe haraji, ta haɗa da na kayan gyara da na'urorin dubawa, ta kuma koyar da mu. In ba haka ba, za a cika gari da motoci, bayan shekara biyu a same su jere a ƙarƙashin bishiyar dogonyaro kaji na kwana a ciki.

Hajiyar_Gesse:
Maganar Malam Bakanike gaskiya ce, domin ni ganau ce ba jiyau ba. Camry mai haɗaka nake hawa, 'yar Beljiyam, kuma a shekarar farko na ji daɗinta ƙwarai. Kai yara makaranta, zuwa kasuwa, zuwa ofis, duk a cikin gari, man da nake saye ya ragu sosai, har maigidana ya riƙa ajiye tasa yana aron tawa. Da safe idan na tayar da ita ba a jin ƙara, sau da yawa sai na danna ham kafin yaran layi su kauce. A shekara ta biyu sai ta fara shan mai kamar kowace mota, injin ba ya mutuwa ko a tsaye. Na zagaya garejin garin nan ban samu mai na'urar da za ta karanta batirin ba, sai da aka kai ta Kaduna. Can aka gano wanda ya sayar mini ya san batirin ya gaji, an yi masa kwaskwarima ne kawai domin ya wuce ciniki. Abin da na kashe a gyara da ɗaukar mota ya kusa cinye duk abin da na tara na rarar mai. Duk da haka ban yi nadama ba, domin tun da aka gyara ta dawo daidai. Shawarata ita ce, kada a ba da sassauci ga motar da ba ta zo da shaidar lafiyar batirinta ba.

Manomin_Suru:
Ku gafarce ni, ni a wajena duk wannan magana ta mutanen birni ce. Mu da ke noman rani a fadamun Suru da Bunza da Argungu da Augie, mun fi kowane mai Camry ƙona fetur, domin injin ban-ruwa ba ya sanin wata ya yi nisa, in shinkafa na son ruwa sai ka ba ta. A nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamba na 2015, aka ce mu ne za mu ciyar da ƙasa, amma tun da mai ya tashi da yawa daga cikinmu sun rage faɗin gona. Idan gwamnati na da harajin da za ta iya yafewa domin a rage shan fetur, to ta fara da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Lita ɗaya da manomi ya huta da saye tana komawa cikin farashin mudun shinkafar da kowa zai ci.

Bagwandu_77:
Alhaji Manomi, maganarka abar dubawa ce kuma ba na musun ta, sai dai ina roƙon kada mu bar batun motar, domin ɗaya ba ya hana ɗaya. Hajiya kuma ta tsorata ni da labarin Kaduna. Bari in yi lissafi a fili domin a gyara mini. Mu ɗauka ina yin kilomita 1,000 a wata. Da Corolla mai yin kilomita 12 da lita, ina buƙatar kusan lita 83. Da mai haɗaka da ke yin 20, lita 50 ta ishe ni. Rarar lita 33 ke nan, in an ƙaddara lita a kan naira 1,000 domin sauƙin lissafi, naira 33,000 a wata, kusan 400,000 a shekara. Ga ma'aikaci wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Direban_Koko:
Yallaɓai, lissafinka na takarda ne, bari in kawo maka na kwalta. Ni hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yauri har Kontagora nake bi, kuma a irin wannan doguwar tafiya ba a yawan taka birki, ba a tsayawa a danja, saboda haka injin fetur ne zai yi ta aiki, batirin kuma ya zama ƙarin kaya. Waɗannan motoci an yi su ne domin cunkoso irin na Legas da Kano. A Birnin Kebbi, in ban da bakin babbar kasuwa da lokacin tashi daga ofis, ina cunkoson yake? Sannan Prius a ƙasa take ƙwarai. Ka ɗora mata fasinja da buhunan albasa daga Aliero ka bi da ita hanyar da damina ta cinye, ka ga yadda za ta dawo. Mu da Sharon da Golf muka saba, domin ko a ƙauye ta tsaya za ka samu mai kwance ta ya ɗaura.

Injiniya_Aliero:
Malam Direba ya yi gaskiya a rabi. Tabbas ribar motar ta fi fitowa a cikin gari, amma ba daidai ba ne a ce a doguwar hanya batirin kaya ne kawai. Injin da ake saka wa irin waɗannan motoci an ƙera shi ne domin tsimin mai tun asali, yana da ƙarancin ƙarfi, batir ke cike masa giɓi idan za a wuce wata mota ko a hau tudu. Don haka ko a hanyar Yauri za ta fi Golf tsimi, sai dai bambancin ba zai kai na cikin gari ba. Batun lodi kuwa na sallama maka, ba motar ɗaukar buhu ba ce. Ga Malam Bagwandu kuma, lissafinka ya yi daidai amma ka bar abu biyu a waje: bambancin farashin saye, da kuɗin da ya kamata ka riƙa warewa domin ranar da batir zai nemi canji. A nan ne sassaucin haraji ke da amfani, domin shi ne zai iya rufe giɓin farko.

MaiLissafi_BK:
Ina so in ja hankalinmu ga wani ɓangare da ba a taɓo ba. Harajin da aka yafe kuɗi ne da aka kashe, ko da ba a gan shi a kasafi ba. VAT ba na Abuja kaɗai ba ne, a ƙarƙashin dokar harajin da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2025 jihohi ke ɗaukar kashi 55, ƙananan hukumomi kashi 35. Ke nan idan aka yafe wa mai sayen babbar mota mai haɗaka a Legas, wani ɗan yanki na abin da ya kamata ya zo Dandi ko Ngaski ko Danko-Wasagu ne ya tafi. Wannan shi ne ke ƙarfafa ƙorafin Malama da na Alhaji Manomi.

Amma wannan ba hujjar ƙin sassauci ba ce, hujjar tsara shi da kyau ce, kuma akwai waɗanda suka riga mu. Amurka ta yi doka a 2005 da ta ba mai sayen irin wannan mota rangwamen haraji har dala 3,400, amma ta sa iyaka: da zarar kamfani ya sayar da mota 60,000 sai rangwamen ya fara raguwa har ya ƙare, kuma shirin gaba ɗaya ya rufe a ƙarshen 2010. Wato an yi shi ne domin a buɗe kasuwa, ba domin ya dawwama ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Ruwanda. A 2021 ta yafe haraji ga motocin lantarki da masu haɗaka, sai 'yan kasuwa suka yi ta kwaso tsofaffin masu haɗaka waɗanda batirinsu ya gaji, suna yawo da fetur zalla alhali sun ci rangwame. A 2025 sai da ta dawo musu da VAT, ta kuma sa harajin da ke ƙaruwa gwargwadon tsufan mota. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan za a yi namu, ina ganin a iyakance girman inji domin kada manyan motocin alfarma su shiga, a iyakance shekaru, a kuma sa wa'adi.

Ɗankiliyarin_Kamba:
Malam MaiLissafi ya taɓo inda gizo ke saƙa. Dokar da ake aiki da ita ta hana shigo da motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa, kuma mafi yawan masu saye a nan waɗanda ke dab da wannan iyaka suke nema, domin su ne masu sauƙi. To garantin da Toyota ke bai wa batirin a Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000, sai daga ƙirar 2020 aka ɗaga shi zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ke nan motar da talaka zai iya saye ta riga ta fita daga garanti kafin ta hau jirgi. Idan kuma aka ce sai mai shekara biyar zuwa ƙasa ce za ta ci rangwame, to an rufe ƙofa ga Malam Bagwandu da ire-irensa, an buɗe wa waɗanda Malama ke ƙorafi a kansu. Duk inda aka sa layin sai wani ya koka.

MalamaZuru:
To ai ga amsar tambayar farko ta fito da kanta. Sabuwa ta fi ƙarfin ma'aikaci, tsohuwa kuma batirinta na bakin kabari. Ni da za a ji tawa, a ba ƙungiyoyin direbobin haya rangwamen, a bisa sharaɗin sauke kuɗin mota, yadda Jihar Borno ta sa motocin haya masu lantarki a Maiduguri a kan farashi mai rahusa. A nan ne za a ce abin ya iso gidan malamar firamare.

Hajiyar_Gesse:
Malama, ba kowace tsohuwa ce ke bakin kabari ba. Tawa ta haura shekara goma kuma tana aiki. Abin da ya cuce ni rashin gaskiyar mai sayarwa ne da rashin wurin dubawa.

Bakanike_Jega:
Ina goyon bayan Hajiya. Batirin Prius ba dunƙule ɗaya ba ne, sassa 28 ne aka jera a cikin akwati, kuma sau da yawa biyu ko uku ne ke raunana su ja sauran. Mai ilimin abin zai auna kowanne, ya canza masu rauni, ya daidaita cajin sauran. Ba zai dawo sabo fil ba, kuma ba na yi wa kowa alkawarin shekaru, amma ya fi a ce maka ka sayi sabon akwati gaba ɗaya. Abin da ya fi kashe su a ƙasarmu zafi ne da ajiya. Motar da aka bari wata uku a rana ba a tayar ba ta fi wadda ake hawa kullum saurin lalacewa. Sai kuma ruwa: a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, duk motar da ruwa ya kai kujerar baya, a irin waɗannan ba ƙaramar asara ba ce.

Bazamfare_Anka:
Salamu alaikum. Ni baƙonku ne daga Zamfara, kuma tsorona daban ne. Mu a yankin Anka da Bukkuyum mun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu saboda sarrafa ma'adinin zinare a cikin gidaje, har yau ba a manta da ƙauyen Bagega ba. Idan aka cika ƙasa da waɗannan manyan batura, ina za a kai su idan sun mutu? Na san halin 'yan gwangwan, duk abin da ke da ƙarfe a ciki sai sun fasa shi da guduma, galibi kuma yara ne ke aikin.

Injiniya_Aliero:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ɗan'uwa, kuma damuwarka tana kan hanya. Gyara ɗaya kawai zan yi domin kada a ruɗe. Babban batirin motar haɗaka ba na dalma ba ne, na tsofaffin da sinadarin nikel aka yi shi, na sababbin kuma da yawa da litiyam. Mai dalma shi ne ƙaramin batirin da ke cikin kowace mota, da waɗanda ake jonawa da inbata a gidaje, kuma waɗannan tuni ake fasa su a garuruwanmu ba tare da kariya ba. Haɗarin babban batirin shi ne jan wuta idan an fasa shi da sauran caji, da ruwan sinadarin da ke ƙona fata, da kuma gobara a na litiyam. Saboda haka cikin sharuɗɗan da na ce zan kawo akwai wannan: duk kamfanin da zai ci rangwame a wajabta masa karɓar mataccen batir, ya biya wanda ya kawo wani abu, domin ya fi abin da ɗan gwangwan zai ba shi.

Ɗalibin_Kalgo:
Ina gaida iyayena da yayyena na zauren nan. Abin da ke damuna shi ne duk maganarmu a kan shigowa da motocin waje ce. Manufar motoci ta Gwamnatin Tarayya ta 2013 ta ɗora wa motocin da aka shigo da su haɗaɗɗu harajin da ya kai kashi 70 cikin ɗari ne domin a tilasta haɗa su a gida. Idan yanzu aka yafe wa na waje, wanda ya zuba jari a masana'antar haɗa mota a Kaduna ko Nnewi ko Legas an karya shi. Kuma ba a ce ba mu da masu basira ba. Jelani Aliyu, wanda ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta nan Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, yana cikin waɗanda suka zana Chevrolet Volt, wadda ita kanta mota ce mai batir da injin fetur. Lokacin da yake shugabantar NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. Ga kuma ma'adinin litiyam a ƙasar Ngaski. Ni a ganina a ba da rangwame mai tsoka ga sassan da za a haɗa a nan, na waje kuma a ba su kaɗan.

Direban_Koko:
Yaro, Allah ya yi maka albarka, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Tun 2013 ɗin da ka ambata, motar haya nawa ka gani a tashar Jega wadda aka haɗa a Najeriya? Kafin masana'anta ta tsaya da ƙafarta, mu da muke hanya yau da me za mu yi aiki? Ni abin da ya fi kusa da aljihuna shi ne mayar da motata mai amfani da gas, sai dai shi ma sai an samu gidan sayar da shi a kan hanyar da nake bi.

MaiLissafi_BK:
Ƙarin bayani kaɗan ga mai tambaya. Kuɗin fito da VAT ikon tarayya ne, gwamnatin jiha ba ta da hannu a ciki. Abin da ke hannun Kebbi shi ne kuɗin rajista da sabunta takardun mota, da motocin da take saya wa ma'aikatunta, da rancen mota ga ma'aikata idan ta ga dama, da kuma makarantun koyon sana'a. Yafe kuɗin rajista ba zai sa kowa ya sayi mota ba, amma ɗaukar nauyin horar da makanikai talatin ko arba'in da saya musu na'urori ba zai gagari jiha ba, kuma shi ne zai hana a maimaita tafiyar Hajiya zuwa Kaduna.

Manomin_Suru:
Na ji an wuce maganata, ba komai. Amma ku rubuta ku ajiye, ko an yafe harajin nan kaf, a Suru ba za a ga motar ba sai ranar kamfen.

Bagwandu_77:
Alhaji Manomi, ba a wuce ta ba, Malam MaiLissafi ma ya kafa hujja da ita. Ni dai na shigo da goyon baya kai tsaye, yanzu kuma ƙafata ɗaya na ciki ɗaya na waje, musamman bayan bayanin Ɗankiliyarin a kan shekarun mota. Malam Bakanike, akwai wata Prius ƙirar 2014 da aka yi mini tallarta, mai ita ya ce in ba shi Corolla in yi ciko. In na kawo ta Jega ranar Asabar, za ka iya auna mini sassan batirin kafin mu yi ciniki?

Bakanike_Jega:
Kawo ta, ranka ya daɗe, amma ka zo da safe kafin rana ta take, kuma kai za ka tuƙo ta da kanka daga Birnin Kebbi da na'urar sanyaya a kunne. Ka lura da zanen batirin da ke gabanka, idan yana cika da sauri yana kuma zubewa da sauri ka gaya mini. Kada ka bari mai ita ya cire kan ƙaramin batir kafin ku taso, domin haka ake goge laifin da kwamfutar motar ta ajiye.

Ɗankiliyarin_Kamba:
Ka kuma karɓi takardar biyan kuɗin kwastan ka turo mini lambarta in duba maka, domin da yawa daga motocin da ke yawo a yankin nan ta daji suka shigo daga Kwatano, kuma ko an yi sassauci gobe, ba zai shafi wadda ba ta da takarda ba.